Abin da ke sa Windows neman lasisi bayan an sake wa kwamfutocin cibiya zubi

Masu kula da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, da ɗakunan kwamfuta na makarantu, da sassan gwajin manhaja a bankuna da ma'aikatu, duk sun san wata matsala da kan biyo bayan babban gyara. Mai gyara zai share kwamfutocin ɗakin gaba ɗaya, ya zuba musu manhaja sabuwa, komai ya tashi lafiya. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai wani rubutu mai dishi-dishi ya bayyana a kusurwar dama ta ƙasan allo yana cewa "Activate Windows", wato a tabbatar da lasisin manhajar. Wani lokaci kwamfuta goma ce ke nuna shi cikin hamsin, wani lokaci duk ɗakin ne.

Galibi laifin kan faɗa kan mai gyaran, ko kan ɗan kasuwar da ya kawo kayan. Sau da yawa kuwa babu wanda ya yi ha'inci a cikinsu. Tushen matsalar shi ne cewa manhaja da izinin amfani da ita abubuwa biyu ne mabambanta. Ana iya kwafar manhajar sau dubu cikin yini guda, amma izinin yana ɗaure ne da kwamfuta guda, ko da yarjejeniyar da aka sayo shi a ƙarƙashinta, kuma ba ya bin kwafi.

Yadda ake sake zubi

Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta, cibiyoyi masu ɗaruruwan na'urori suka yawaita a biranen Najeriya. Daga cikin sharuɗɗan hukumar akwai cewa cibiya ta mallaki aƙalla kwamfuta 250 masu aiki, ban da na ko-ta-kwana. Babu mai hankalin da zai zauna ya saka Windows a kan kwamfuta 250 ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake yi shi ne a shirya guda ɗaya tsaf, a saka mata duk abin da ake buƙata, sannan a ɗauki kwafin duk abin da ke cikin ma'ajiyarta da manhaja irin su Clonezilla ko tsohuwar Norton Ghost. Wannan kwafin asali shi ake zuba wa sauran, kamar yadda mai buga bulo ke fitar da ɗaruruwa daga mazubi guda.

A sashen gwaji na kamfani, aikin ya fi haka yawa. Ana iya share kwamfuta guda sau uku a mako, domin kowane gwaji yana buƙatar na'ura mai tsabta wadda gwajin jiya bai bar mata saura ba. A nan ne matsalar lasisi ta fi tsanani, domin kamfanin Microsoft ya tsara hanyar tabbatar da lasisi ne da tunanin mutumin da zai saka manhaja sau ɗaya ya yi shekaru yana aiki da ita.

Kamfanin ya shigo da wannan tsari ga jama'a ne tare da Windows XP a shekarar 2001. Mai saye yana samun makullin lasisi mai haruffa da lambobi 25, a rukuni biyar-biyar. Idan an shigar da shi, manhajar takan dubi sassan kwamfutar ta haɗa wata lamba ta musamman da ke zama kamar zanen yatsan na'urar, ta aika wa Microsoft tare da makullin. Daga nan an ɗaura auren makulli da na'ura. Idan aka kai kwafin wata kwamfutar, manhajar za ta ga zanen yatsan ya sauya, sai ta koma neman tabbaci.

Lasisi iri-iri, kowanne da halinsa

Lasisin da ya fi yawa a hannun jama'a shi ne wanda kamfanonin ƙera kwamfuta irin su HP da Dell da Lenovo ke sayarwa tare da na'urar, wanda ake kira OEM. A zamanin Windows 7 makullinsa yana kan wata 'yar takarda da ake liƙawa a jikin kwamfutar ko ƙarƙashin batir. Daga Windows 8 da ta fito a 2012, sai aka koma dasa makullin a cikin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a kan babban faifan da sauran sassa ke maƙale da shi, wanda masu gyara ke kira madabod. Wannan lasisi yana rayuwa da kwamfutar, yana mutuwa da ita. Ba a cire shi a kai wata.

Da ganin haka mutum zai ce ai an huta, tunda makulli yana cikin na'ura, ko sau nawa aka share ta za ta gane kanta. Haka ne, amma da sharaɗi guda wanda shi ke kayar da cibiyoyi da yawa: dole nau'in Windows da aka zuba ya dace da nau'in da makullin ya ba da izini. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka masu rahusa suna zuwa ne da nau'in Home, wasu ma da Home Single Language. Masu kula da cibiya kuwa sun fi son Pro, saboda shi ke ba da damar haɗa na'urori ƙarƙashin kulawa guda da kuma taƙaita abin da ɗalibi zai iya taɓawa. Idan aka zuba kwafin Pro a kan kwamfutar da makullinta na Home ne, ba za ta tabbatu ba, ko da an sayo ta sabuwa fil da rasit. Wannan ne ya sa a ɗaki guda ake ganin wasu sun tabbatu wasu sun ƙi: an sayo su ne a lokuta daban-daban, daga hannu daban-daban.

Da fitowar Windows 10 a watan Yulin 2015, Microsoft ya ƙara da abin da ya kira lasisin dijital. Da zarar kwamfuta ta tabbatu sau ɗaya, kamfanin yana ajiye zanen yatsanta a wurinsa. Duk lokacin da aka sake saka mata nau'in da ta saba da shi, tana hawa intanet za ta tabbatu da kanta ba tare da an rubuta komai ba. Sauya ma'ajiya ko ƙara ƙwaƙwalwa ba ya ɓata wannan a mafi yawan lokuta. Sauya madabod kuwa yana ɓatawa, domin a wurin Microsoft wata sabuwar kwamfuta ce ta zo. A ƙasar da hawa da saukar wutar lantarki ke ƙona kayan aiki, wannan ba ƙaramin batu ba ne.

Lasisin da mutum ke saya shi kaɗai a kanti ko a shafin Microsoft yana da sauƙin fahimta: kwamfuta ɗaya a lokaci guda, kuma ana iya mayar da shi kan wata idan an cire shi daga ta farko. Wanda ya shirya kwafin asali da irin wannan makulli ya zuba wa kwamfuta arba'in, ɗaya kawai ya biya wa.

Lasisin sari da tarkonsa

Manyan ma'aikatu da jami'o'i da bankuna suna sayen lasisi ne a dunƙule, kamar sari. A nan ne harkar ta fi sarƙaƙiya, kuma a nan ne jami'in sayen kaya ya fi buƙatar buɗe ido.

Hanya ta farko ita ce makulli guda da aka ba shi adadin tabbatarwa, wanda ake kira MAK. Ma'aikata za ta karɓi makulli ɗaya mai iya tabbatar da kwamfutoci har wani adadi da yarjejeniyarta ta tanada. Kowace tabbatarwa tana cin ɗaya daga cikin adadin, kuma share kwamfuta ba ya mayar da abin da ta ci. A ofishin da ake saka manhaja sau ɗaya, wannan ba damuwa ba ce. A sashen gwaji kuwa lissafin yana da ban tsoro: kwamfuta 20 da ake sake wa zubi sau ɗaya a mako za su ci tabbatarwa 80 a wata, 960 a wata goma sha biyu. Ranar da adadin ya ƙare, sai saƙon kuskure mai lamba 0xC004C020 ya fito, kuma abin takaicin shi ne ba sashen gwajin kaɗai zai shafa ba. Duk wata sabuwar kwamfuta da ma'aikatar ta saya, ko ta ofishin babban sakatare ce, za ta tarar da rijiya ta ƙafe. Ana iya roƙon Microsoft ya ƙara adadin, amma sai an yi bayanin inda na farko ya tafi.

Akwai maganin wannan, sai dai ba kowa ya san da shi ba. Microsoft yana ba da wata manhaja kyauta mai suna VAMT. Da ita, kwamfuta guda ce ke tattara bayanan sauran, ta karɓo musu lambar tabbaci daga kamfanin, ta kuma adana lambar. Idan an sake wa na'ura zubi ba tare da an sauya sassanta ba, sai a mayar mata da tsohuwar lambar tabbacinta, ba a ci sabon adadi ba. Hanyar tana kuma amfani ga ɗakunan da aka yanke daga intanet da gangan, kamar yadda ake yi a wuraren gwaji masu tsaro.

Hanya ta biyu ita ce KMS. A nan ma'aikata ke kafa uwar garke a cikin gida wadda ita ke tabbatar da sauran kwamfutoci, ba sai kowace ta tuntuɓi Microsoft ba. Tabbacin na kwana 180 ne, kuma kowace na'ura takan koma ta sabunta shi duk bayan kwana bakwai. Wadda ba ta tabbatu ba tukuna takan sake gwadawa duk bayan awa biyu. Ga ɗakin da ake yawan sharewa, wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa, tunda babu adadin da ke ƙarewa.

Amma uwar garken ba ta fara aiki sai ta ƙirga aƙalla kwamfuta 25 mabambanta da suka nemi tabbaci cikin kwana 30. Ga manhajar Windows Server da ta Office, biyar sun isa. Sashen gwaji mai kwamfuta 12 da aka keɓe shi daga sauran ofis ba zai taɓa cika wannan adadi ba, sai dai ya yi ta ganin lamba 0xC004F038.

Abin da ya fi ɗaure wa masu gyara kai shi ne ganin wannan lamba a ɗaki mai kwamfuta ɗari. Dalilin yana cikin yadda aka ɗauki kwafin asali. Kowace Windows tana da lambar shaida tata da uwar garke ke gane ta da ita. Idan aka kwafi kwamfuta yadda take, lambar shaidar ma tana bin kwafin, sai kwamfuta ɗari su je wa uwar garke da suna guda. Ita kuwa ta ƙirga su a matsayin ɗaya, ta ci gaba da jiran ragowar 24. Domin kauce wa haka ne Microsoft ya tanadi wata 'yar manhaja mai suna Sysprep, wadda ke goge duk alamomin da suka keɓanci na'urar asali kafin a ɗauki kwafi, ta yadda kowace za ta ƙirƙiri nata idan ta tashi. Aikin 'yan mintuna ne, amma masu gaggawa kan tsallake shi saboda kwafin yana tashi lafiya ko ba a yi shi ba. Sai daga baya ake gane kuren. A zamanin Windows 7 sau uku kawai ake iya yin wannan gogewa a kan kwafi guda, abin da ya wahalar da masu sabunta kwafinsu a kai a kai. Daga Windows 8.1 zuwa yau an ɗaga iyakar zuwa 1001.

Sai batun agogo, wanda ya fi kowanne kama da wasa. Idan lokacin da ke kan kwamfuta ya saɓa da na uwar garke da fiye da awa huɗu, ba za a tabbatar da ita ba. Tsofaffin kwamfutoci suna riƙe lokaci ne da wani ɗan batir mai kama da kwabo da ke kan madabod. Idan ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta sai agogon ya koma shekarun baya. Cibiyar da ta cika ɗakinta da kwamfutocin gwanjo, aka kuma rufe ta wata da watanni tsakanin jarrabawa da jarrabawa, za ta iya tarar da rabin na'urorinta suna rayuwa a wata shekara daban. Batirin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba ya isa ya hana lasisi mai tsada aiki.

Ma'aikatun da kwamfutocinsu ke ƙarƙashin rajistar Active Directory suna da hanya ta uku tun daga Windows 8: na'ura tana shiga rajistar za ta tabbatu, kuma babu sharaɗin cika 25.

Akwai wani abu da ya kamata duk mai sa hannu a takardar sayen kaya ya riƙe. Lasisin sari na Windows na ɗaukaka daraja ne, wato yana hawa ne a kan lasisin da kwamfutar ta riga ta zo da shi. Sayen kwamfutoci marasa lasisi saboda araha, da nufin a zuba musu na sari daga baya, bai cika sharaɗin yarjejeniyar ba. Haka kuma izinin zuba kwafi guda a kan kwamfutoci masu yawa yana cikin haƙƙoƙin da yarjejeniyar sari ke bayarwa, bisa sharaɗin cewa nau'i da sigar da ake zubawa su dace da abin da kowace na'ura ke da lasisinsa.

Kayan gwanjo da gajeriyar hanya

Kaso mai yawa na kwamfutocin da ke cibiyoyin Najeriya na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga Turai da Amurka, suka bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja kafin su iso Banex a Abuja ko titin Beirut a Kano. Da yawansu daga kamfanoni suka fito, inda uwar garken kamfanin ke tabbatar da su. Irin wannan kwamfuta za ta iya isowa tana nuna cewa lasisinta lafiya lau, ɗan kasuwa ya sayar da zuciya ɗaya, sai bayan 'yan watanni kwana 180 su cika, ta nemi uwar garken da ke can wata ƙasa ta rasa. Mai saye ya dawo da faɗa, alhali shi ma mai sayarwar bai sani ba. Abin daɗin shi ne yawancin irin waɗannan na'urori suna da makullin Pro na asali a cikin BIOS, kuma saka musu Windows mai tsabta na nau'in da ya dace yakan warware matsalar ba tare da an kashe ko sisi ba.

Ana iya gane gaskiyar lamarin kafin kuɗi su sauya hannu. Idan aka buɗe wurin rubuta umarni aka rubuta slmgr /dli, kwamfutar za ta faɗi irin lasisin da take ɗauke da shi: OEM, ko RETAIL, ko VOLUME_MAK, ko VOLUME_KMSCLIENT. Umarnin slmgr /xpr kuma zai nuna ko tabbacin na dindindin ne ko yana da ranar ƙarewa. Kwamfutar da ke kan teburin ɗan kasuwa tana nuna VOLUME_KMSCLIENT da ranar ƙarewa, to ko dai ragowar tsohon gidanta ne, ko kuma an yi mata dabara.

Dabarar sananniya ce. Akwai manhajojin sata, wadda ta fi suna ita ce KMSpico, da ke kafa uwar garken bogi a cikin kwamfutar don ta yaudari Windows. Kusan duk mai gyara ya san su, kuma su ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi idan jarrabawa ta matso, mai cibiya yana tsaye a kai. Masana tsaron intanet sun sha gano kwafe-kwafen irin waɗannan manhajoji ɗauke da ƙwayoyin satar kalmomin sirri. Kafin a saka su ma sai an kashe manhajar kariya ta kwamfutar. Idan aka yi haka a kan na'urar da za a ɗauki kwafin asali daga gare ta, an rarraba cutar ke nan ga duk ɗakin a zubi guda. Ga cibiyar da ke riƙe da bayanan 'yan jarrabawa, ko ofishin da ke shirya albashi, wannan kasada ce da ta fi rubutun kusurwar allo muni nesa ba kusa ba. Ban da haka, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta haɗa da manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa.

Ya kamata kuma a auna girman matsalar da ma'auninta. Windows 10 ko 11 da ba a tabbatar ba tana ci gaba da aiki. Abin da take yi shi ne nuna rubutun nan da hana sauya kamannin allo. Hakan bai mayar da amfani da ita halal a fuskar yarjejeniya ba, amma yana nufin babu dalilin firgita da zai sa a ruga ga manhajar sata da tsakar dare. Wadda ke da haɗari ita ce sigar gwaji da Microsoft ke bayarwa kyauta, ta kwana 90 ga Windows Enterprise da kwana 180 ga Windows Server. An yi ta ne daidai domin sassan gwaji, kuma ga na'urar da za a share kafin wa'adin ya cika, ita ce mafita mafi sauƙi da tsabta. Idan wa'adin ya wuce kuwa, kwamfutar takan kashe kanta duk bayan awa guda. Mai gyaran da ya ɗauki kwafin asali daga irin wannan siga ya zuba wa ɗakin jarrabawa, ya dasa wa cibiyar matsalar da za ta tashi bayan wata uku, watakila ana tsakiyar zama.

Wasu ƙofofin da aka saba bi kuma sun rufe. A watan Satumban 2023 Microsoft ya daina karɓar tsofaffin makullan Windows 7 da 8 wajen tabbatar da sabuwar Windows, don haka 'yar takardar da ke liƙe a jikin tsohuwar kwamfuta ba ta da amfanin da take da shi a da. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kuma ita ce ranar da kamfanin ya tsayar domin kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum. Lasisin Windows 10 na gaskiya yana tabbatar da Windows 11 na nau'i ɗaya, amma Windows 11 tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da injin sarrafawa na baya-bayan nan, abin da yawancin kwamfutocin gwanjo masu shekaru ba su da shi. Cibiyar da ta haɗa tsofaffi da sababbi za ta buƙaci kwafin asali fiye da ɗaya, da kuma rajistar da ke nuna lambar kowace kwamfuta, nau'in lasisinta, da kwafin da ya dace a zuba mata.